Rigar da Na Rufa wa Talabijin

Tun da na dawo daga Amurka ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin Audu mai shayi a bakin tashar Funtuwa sai a kewaye ni: "Babu-Birki, yaya ƙasar take? Da gaske ranarsu ba ta da zafi? Ka ga Bature yana shara?" Na ba su amsa iri-iri, kuma rabinta ƙarya ce. Na ce na ga kare sanye da riga da takalmi, wannan gaskiya ne, amma shi suka ƙaryata. Na ce shugaban ƙasar ya aiko a gaishe ni, wannan kuwa suka karɓa har da kabbara. To yau na sayi littafi mai layi da biro biyu, zan rubuta yadda aka yi. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Bokona wata bakwai ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa ina kan hanyar Legas da tirela.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Wata takwas kafin tafiyar ɗana na fari ya rasu. Kun san yadda muka taso: mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban jama'a, ba ya nuna ya san da zamansa. Haka ubana ya yi mini, haka na yi. Shekara talatin da ɗaya ina ce masa "Wancan". Makanikin babur ne. Ranar ɗaurin auren abokinsa samari suka fita wasan babura, ya kwanta a kan nasa yana gudu, ya zo kwana, ya haɗu da falwaya. Wani ya ɗauka a waya. Kafin sadakar uku hoton ya zaga gari, ana tura wa juna ta bulutut. Ni ban kalla ba. Wanda na kama yana nuna wa mutane a tasha, na karɓi wayarsa na jefa a tukunyar ruwan zafin Audu.

Ƙanwarsa Hadiza tana New York, aikin jinya take yi a asibiti. Ranar da abin ya faru ta kira ni tana kuka, na ce mata, "E, an yi rasuwa a gidan. An kai shi tun la'asar. Ga uwarki." Daga ranar nan in ta kira, gaisuwa ɗaya take yi mini ta ce a ba uwarta Hajiya. Da ta aiko da takardar gayyata, Hajiya ta ce gwiwarta ba za ta iya ba. Ta dube ni ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka je ka gyara. Kada ka dawo mini ba ku shirya da 'yata ba."

Daga Funtuwa zuwa Abuja ba abin faɗa, sai dai direban motarmu bai iya kwana ba, na kuma gaya masa sau goma sha. A jirgi ne na fara ba da kunya. Na shiga ɗan banɗakinsu in yi alwala, na danna wani maɓalli, sai wata ƙara ta tashi kamar jirgin ya huje. Na fito da gudu da takalmi ɗaya ina salati. Wata ma'aikaciya ta riƙe ni tana magana a hankali irin yadda ake lallashin akuya mai haihuwa, ta koma ta ɗauko mini ɗayan takalmin da yatsa biyu.

Muka sauka a wata ƙasar Turai muka canza jirgi, sannan filin jirgin JFK na New York. A nan na haɗu da karen gwamnati, ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, da rigarsa ta aiki. Bai yi haushi ba. Ya zo ya zauna kusa da jakata cikin ladabi, kamar mai jiran a gama salla. Aka buɗe jaka. Kilishin da Hajiya ta naɗe a zane uku ya tafi. Jami'in ya buɗe robar daddawa, ya shinshina, ya ja da baya taku biyu, ya tambaye ni ko mene ne. Na ce masa, "Sup," wato miya. Ya rufe da sauri ya miƙo mini, har yana roƙona da hannu in wuce.

Mijin Hadiza ne ya tarye ni, Isufu, ɗan Zangon Kumasi, direban tasi ne a nan filin jirgin. A tsakiyar dubban mutane ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Hadiza ya tafi aiki, ya ce in kai ka gida."

Haka Hausarsu take, mace ma "ya". Na ce masa ya tashi kafin a taka shi. Da ƙofa ta buɗe muka fita waje, sai na ji kamar an mare ni da kifin firiza. Babbar riga ce a jikina da silifas. Isufu ya cire rigar sanyinsa ya ɗora mini a kan babbar rigar, na shiga mota kamar buhun auduga.

Unguwarsu Parkchester, cikin Bronx. Gidaje ne dogaye na jan bulo, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Rana ta uku na fita masallaci ni kaɗai, na dawo na shiga wani ginin, na hau hawa na bakwai na yi ta sallama a ƙofar wata tsohuwa. Ta buɗe da tsintsiya a hannu. A lif kuwa mutum shida ne a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar wani ya iyali. Ni dai ban fasa ba, kowa na gaishe shi har da gajiya. Abinci ba laifi. Isufu kan sayo wake da shinkafa irin nasu na Gana da wani baƙin yaji, wanda ya sa na yi hawayen da ban yi ba a wajen jana'iza.

Hadiza fa? Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta tuƙa mini tuwo, ta kaɗa miyar kukar da na kawo. "Baba ga abinci." "Baba ka sha maganinka?" "Baba a ƙara hita?" Ba abin da ta rage ni da shi, amma yadda take yi wa majinyatanta haka take yi mini. Wannan yarinyar da a da take hawa wuyana tana cire mini hula ta gudu. Mako biyu muna gida ɗaya ina kewarta fiye da lokacin da teku ke tsakaninmu.

Sai dusar ƙanƙara ta sauka, ta kwana ta wuni. Washegari Isufu bai fita aiki ba, ya ce in zo in ga gari. Muka je wani fili mai tudu, na tarar da yara da iyayensu suna hawa kan wasu faranta na roba suna sulalowa daga sama suna ihu. Na tsaya ina kallo, sai na tuna gida.

A bayan gidanmu na da akwai wani dutse mai santsi. In na dawo daga tafiya, na ga hankalin mutane ya ɗauku, nakan ɗauki Wancan, tun yana shekara huɗu, in zaga da shi bayan dutsen inda ba mai ganinmu. Ina da wani tsohon kwanon rufi da na lanƙwashe bakinsa. In zauna, in sa shi tsakanin ƙafafuna, mu sulalo har ƙasa. Yakan ce, "Baba ƙara!" Mu ƙara. In mun dawo gida kuma in sake shi tun daga nesa, in shiga ina ɗaure fuska. Ko uwarsa ba ta sani ba.

Na ce wa Isufu ya jira ni. Na koma gida, wannan karon na gane ginin, na ɗauko babban farantin silba da Hadiza ke jera wa baƙi abinci.

"Baba, wannan ba na wasa ba ne. Hadiza zai kashe ni."

"Kai direban tasi ne, ni na tirela. Matsa."

Na tattare riga na zauna. Farantin silba a kan ƙanƙara, jama'a, ba ya jin magana. Na wuce yaran nan kamar suna tsaye. Na nemi birki da dugadugai, farantin ya juya da ni, na ƙarasa gangaren da baya na shige cikin wata shuka mai ƙaya, ƙafafu sama. Hulata ta iso daga baya. Mutane suka yi ta tafi, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Farantin kuwa ya koma kamar kwanon awo.

Da Hadiza ta dawo ta ga goshina da filasta, ta ga farantinta, ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi mijinta, "An ɗauka a waya?" Ya ce e. Ta juyo gare ni.

"Naka hoton ma so kake a turo mini?"

Ta shige ɗaki. Ban ci tuwon kirki ba ranar.

Bayan kwana biyu, mun idar da magariba muna zaune mu uku, Isufu ya kunna labarai. A lokacin ana shirin wata babbar gasa ta wasannin sanyi a wata ƙasa, kullum ita ake nunawa. Cikin wasannin akwai wanda ya ɗaure mini kai. Sun gina wata doguwar kwata ta ƙanƙara mai kwana-kwana daga kan dutse. Mutum ya kwanta rigingine a kan ɗan allo mai ƙafafun ƙarfe, ba sitiyari, ba birki, ba ƙofa, daga shi sai hular kwano da wata riga mai kama jiki. A sake shi. Ni da na san gudu, na rantse ban taɓa kai tirela inda suke kaiwa ba, ko a gangaren da ba kaya. Kwanakin baya har ina cewa da da ƙuruciyata da na gwada.

Ranar nan sai aka nuno wani saurayi a wajen gwaji. Ya gyara hularsa, ya kwanta, ya taho. A kwanar ƙarshe allon ya kufce masa, ya tashi sama ya fita daga kwatar, ya bugi wani ginshiƙin ƙarfe. Ba sai an fassara mini ba. Na ga yadda hannunsa ya kwanta.

Na ce innalillahi. Ban rufe baki ba suka sake nunawa. Suka kuma sakewa a hankali, yadda za ka ga komai dalla-dalla, wani mai taye yana bayani da murya mai sanyi.

Shekara talatin da biyar na yi a kan hanya. Duk direban da ya iso wurin hatsari, kafin ya tambayi me ya faru, abu na farko ya rufe mamaci. Da zane, da tamfol, in babu ko da ganye ne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuɓe babbar rigata na rufa wa talabijin ɗin, har na gyara gefe da gefe kada wani wuri ya fito.

Isufu ya ɗago ɗan abin da ke hannunsa. "Baba, ana kashewa da wannan."

"Na sani. Yaron nan yana da uba. Yanzu haka yana zaune a wani gari, duniya tana kallon ɗansa tana maimaitawa."

Muryar mai tayen tana ta fitowa daga ƙarƙashin riga. Sai Hadiza ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Shi yana da uba. Yayana fa?"

Isufu ya tuna yana da abin yi a kicin.

"Ɗan wani da ba ka sani ba ka tuɓe masa riga, Baba. Naka kuwa, 'an yi rasuwa a gidan'. Kamar baƙo ne ya kwana ya mutu. Ko sunansa ban taɓa ji a bakinka ba."

"Hadiza, ɗan fari ne. Kin san..."

"Na san al'ada. Al'adar ta ce har bayan ya mutu?" Ta ɗauko wayarta ta ajiye a kan tebur. "Hoton yana nan. Wata ƙawata ta turo mini. Kullum sai na kalla."

Jini ya hau mini kai. Na ce ta goge shi yanzu-yanzu, a gabana. Na ce wanda ya ɗauka da wanda ya tura da wanda ya kalla duk ba su da tsoron Allah.

"Kai ka wanke shi," in ji ta. "Ka ga fuskarsa, ka sa shi a ƙasa da hannunka. Ni me na samu? 'An kai shi tun la'asar.' Ba zan goge ba."

Na ɗauki butata na shiga ɗaki da 'yar shara. Rigar ta kwana a kan talabijin, ba wanda ya taɓa ta.

Ranar Litinin ba ta da aiki. Da hantsi ta ce in sa rigar sanyi. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida, muka canza wani, har bakin ruwa. Akwai wani ƙaton jirgin ruwa ruwan lemo da ke kai ma'aikata unguwar St. George a tsallake ya dawo da wasu. Mutanen ciki ko kallon ruwan ba sa yi, kowa da jaridarsa da kofinsa. Ta kai ni wani benci kusa da taga ta zauna a gefena.

"Sau ɗaya na kalle shi har ƙarshe," ta ce. "Na yi mako ban iya aiki ba. Tun daga nan farkon kawai nake kallo. Na san inda zan tsayar. Ba zan bari ka ga wurin ba, Baba. Ka yarda da ni?"

Na so in ce a'a. Sai na gyaɗa kai. Ta danna, ta ajiye babban yatsanta a kan maɓallin.

Ga shi nan. Yana zaune a kan babur, da shaddarsa ruwan toka wadda ya ara a akwatina bai tambaye ni ba, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Yana goge madubi da hannun riga. Wani daga gefe ya ce, "Oga, ka bi a hankali fa." Ya juyo yana dariya, da wushiryar nan tasa.

"Ni? Ɗan Babu-Birki ne fa ni. Tun ina shekara huɗu tsoho ya ɗora ni a kan kwano."

Ya taka babur. Hadiza ta danna, hoton ya tsaya, yana kallon gaba, bakinsa bai gama rufewa daga dariyar ba.

Na daɗe ina kallon tagar. Ruwa ne dai, da wasu fararen tsuntsaye.

"Wata takwas ina tambayar kaina," in ji Hadiza. "Na tambayi Hajiya, ta ce ba ta sani ba. Wane kwano, Baba?"

Sai na gaya mata. Dutsen, da kwanon rufin, da yadda nake riƙe cikinsa da hannu ɗaya, da ranar da wandona ya yage na dawo gida da baya-baya na ce wa uwarta ƙusa ce a mota. Ta yi dariya har ta dafa gwiwata, dariyar ta koma kuka. Na ce mata ni na koya masa son gudu, ni na kashe shi. Ta ce, "Baba, dubi fuskarsa lokacin da yake faɗa. Wannan fuskar mai kai ƙararka ce?"

Na duba. Na ce, "Ƙara," yadda yakan ce mini a bayan dutse.

Ta mayar farko. Jirgin ya isa St. George, aka ce kowa ya sauka, muka sauka muka zaga muka sake hawa. Sau uku muka haye ruwan nan muka dawo, yatsanta bai kuskure ko sau ɗaya ba. A hawa na ƙarshe ta cire mayafin wuyanta na ulu ta naɗa mini, ta ja hulata ta rufe mini kunne da ƙarfi, irin yadda take yi tana ƙarama.

"Faɗi sunansa."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Shekara talatin da ɗaya harshe bai bi wata hanya ba, rana ɗaya ba zai bi ba. Sunan bai fito ba.

Ta ce, "To in ba zai faɗu ba, ka rubuta mini. Da hannunka, ba na wani ba."

Kafin in taho, Isufu ya kai wayar wajen wani abokinsa aka yanke hoton daidai inda yatsanta ke tsayawa, aka zuba mini a tawa. Dogon kuwa ita da kanta ta goge, ban sa ta ba. A filin jirgi na nemi karen nan in yi masa Allah ya isa a kan kilishi, ban gan shi ba.

Da na iso gida na bari sai da 'yan sannu da zuwa suka watse. Na ce wa Hajiya na zo da saƙo. Da ta gane ko mene ne sai ta juya fuska ga bango, domin kunyarta a kansa ta fi tawa. Na kunna. Ta ji har ƙarshe ba ta juyo ba. Can ta ce, "Ƙara sautin, ba na ji sosai." Da na ba ta labarin dutsen da kwanon, sai ta ce, "Ashe ba ƙusa ba ce."

Yanzu Hadiza wayata take kira, mu yi ta hira har Hajiya ta ƙwace. Kowane kira kuma sai ta tambaya, "Baba, ina takardata?"

Wani lokaci nakan tuna uban yaron nan na kan ƙanƙara. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Ina roƙon Allah ya ba shi wanda zai tsayar masa da hoton tun yaron yana gyara hula.

To Audu, da ku sauran 'yan benci, kun ce in ba ku labarin Amurka, ga shi. In kun gama karantawa ku dawo mini da littafin ba tabon shayi, domin akwai mai tafiya Amurka ranar Alhamis, kuma ba naku ba ne. Biro ɗaya ya ƙare, na biyun na ajiye shi ne saboda layin nan.

Hadiza, ga shi da hannuna. Habibu. Sunansa Habibu, ɗana ne.